Jibo Bakari da haƙƙin tarihi

Ƙasar da ta manta da mutanen da suka yi mata wahala, ta yi asarar rabin tarihinta. Cikin waɗanda ya kamata ƴan Nijar su riƙa tunawa akwai marigayi Jibo Bakari.

An haife shi a Sudure, kusa da Yamai, a shekarar 1922. Ya yi karatu a makarantar William Ponty ta Senegal, ya zama malamin lakwal, sannan ya shiga jam'iyyar PPN tare da ɗan'uwansa Diori Hamani. Da ra'ayinsu ya bambanta sai ya kafa UDN a 1954, wadda ta zama Sawaba. Talakawa, da ƴan kwadago, da ƙananan ƴan kasuwa na Damagaram da Maraɗi da Tasawa suka rungume ta. A 1956 aka zaɓe shi magajin garin Yamai, a 1957 kuma ya riƙe ragamar majalisar gwamnati ta farko.

Ranar 28 ga Satumba 1958, Janar De Gaulle ya nemi ƙasashen renon Faransa su zaɓi zama tare da ita ko ƴancin kai nan take. Jibo ya ce a'a. Gwamnan mulkin mallaka da sarakuna da dama suka juya masa baya, masu na'am suka rinjaya, ya sauka daga mulki. A 1959 aka haramta Sawaba, ya tafi gudun hijira. Ƴancin da ya nema ya zo ranar 3 ga Agusta 1960, yana wajen ƙasa.

Gaskiya ɗaya ce, dole a faɗe ta duka. Makaman da ƴan Sawaba suka ɗauka a 1964 sun jawo zubar da jinin ƴan ƙasa, horon da hukuma ta yi musu kuma ya wuce iyaka. Ya komo gida a 1974, aka tsare shi a 1975, ya rasu a Yamai a 1998.

Wajibi ne a koya wa yaran makaranta labarin Jibo da na Diori tare, ba a ɗaga ɗaya a binne ɗaya ba. Dukansu ƴaƴan ƙasa ɗaya ne, kuma rabuwarsu ta fi amfanar baƙo. Allah ya jiƙansu, ya haɗa kan ƴan Nijar.