Malami Da Sabuwar Allura

'Yan'uwana ɗalibai, akwai wata dabara ta masana da ya kamata kowane malami ya sani. Wato sukan ƙunsa magani cikin 'yan ƙwayoyin kitse ƙanana ainun, sai an jera wajen 10,000 kafin su kai tsawon milimita guda. Da irin wannan ƙunshi aka yi allurar rigakafin korona ta Pfizer da ta Moderna a 2020. Abin da ke ciki saƙo ne mai saurin lalacewa. Kitsen nan shi ke rufe shi, ya kai shi cikin ƙwayoyin jiki, jiki ya koyi gane cutar, bayan 'yan kwanaki saƙon ya narke.

To, ina ruwan malami da wannan? Ni a ganina da ruwansa ƙwarai. Abin da ido ba ya gani shi jita-jita ta fi hawa. Mun ji masu cewa wai na'ura ake sa wa mutum a jiki. Mu tuna 2003, sa'ad da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano saboda zato, cutar ta bazu har ƙasashen waje, yara da yawa suka gurgunce.

A ƙauye malami ake tambaya. In bai sani ba, maƙaryaci zai amsa a madadinsa. Saboda haka ina roƙonmu mu koyi abin nan sosai tun muna kwaleji, har mu iya bayyana wa iyayen yara da Hausa mai sauƙi. Rashin sani ya fi dare duhu.