Nawa ne hayaƙin da ke bayan kowace ayaba?

Tun daga watan Janairun 2024, Tarayyar Turai ta fara cajin manyan jiragen ruwa kuɗi a kan hayaƙin da suke fitarwa, ciki har da rabin hayaƙin tafiyar da ta taso daga wata ƙasa ta waje. Wannan ne ya sa tambayar da a da masana kawai ke yi ta zama batun kuɗi ga ƙasashen da ke rayuwa a kan cinikin ayaba: shin iskar da ke ɗumama duniya nawa ake fitarwa kafin ayaba ta isa kanti a Turai?

Amsar dai ba guda ɗaya ba ce.

A littafinsa na 2010, masanin nan ɗan Birtaniya, Mike Berners-Lee, ya ƙiyasta gram 80 na iskar kabon ga kowace ayaba, wato kusan gram 480 a kilo guda. Da ya sake bitar littafin a 2020, sai ya ɗaga adadin zuwa gram 110.

Wani bincike na 2013 da ya bi sawun ayabar Kosta Rika har zuwa kantunan Norway kuwa, kilo 1.37 ya samu a kowane kilon ayaba. A 2014 kuma, wani nazari kan ayabar Ekwado, ƙasar da ta fi kowace fitar da ita, ya nuna adadin na iya kamawa daga kilo 0.45 zuwa 1.04.

Akasarin wannan saɓani daga teku yake fitowa. Ana tsinke ayabar ne tun tana ɗanya, a ajiye ta cikin sanyin kimanin digiri 13 na tsawon makonni biyu ko fiye da haka, sannan a nunar da ita da iskar etilin bayan an sauke ta. Babban jirgin kwantena yana raba hayaƙinsa ne a kan kaya masu ɗimbin yawa, yayin da ƙaramin jirgi mai firiji kan koma gida da ɗan kaya kaɗan, ko ma wayam. To, a wuyan wa za a ɗora man da aka ƙona a hanyar komawa? Yadda mai lissafi ya amsa wannan tambaya kaɗai na iya sauya sakamakon matuƙa.

A gona kuma, takin zamani ne babban abin dubawa, domin yana sakin wata iska da ƙarfinta wajen riƙe zafi ya ninka na kabon kusan sau 270. Sai kwalayen da ake zuba ayabar, da ledojin da ake rufe nonnanta da su.

Duk da haka, ko da an ɗauki adadi mafi girma, ayaba ba ta kama ƙafar naman shanu ba, wanda kilonsa guda ke haddasa gomman kilo na irin wannan iska.

Ga Kamaru da Gana da Kot Dibuwa, waɗanda su ma ke sayar wa Turai ayaba, gajartar tafiyarsu idan aka kwatanta da ta Ekwado ka iya zama riba. To sai dai har yanzu ma'aunin da ake amfani da shi ya bambanta daga wannan bincike zuwa wancan, kuma auna gona ɗaya bayan ɗaya aiki ne mai cin kuɗi, wanda manyan kamfanoni irin su Dole da Chiquita suka fi ƙananan manoma ƙarfin ɗaukar nauyinsa.