Zauren Malam: Saƙo Ko Babu Intanet



Ba mu manta da ranar 14 ga Maris 2024 ba, ranar da igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace. Daga Aboabo har Kejetia saƙon WhatsApp ya tsaya cik. To, da abin da zai rage mana irin wannan zafi.

Wani ɗan allo ne na lantarki, bai cika tafin hannu ba. A jikinsa akwai ƙwaƙwalwar kwamfuta mai suna ESP32, da rediyo mai cin dogon zango da ake kira LoRa. A Grenoble ta ƙasar Faransa aka ƙirƙiro LoRa, kamfanin Semtech ya saye fasahar a 2012. Idan aka sa masa manhajar Meshtastic, sai waya ta haɗu da shi ta Bluetooth, allo ya miƙa wa allo saƙo har ya isa. Babu sim, babu kuɗin kati.

Amma fa gajeren rubutu kaɗai yake ɗauka, ban da hoto. A cikin gari gine-gine suna rage masa zango, sai an ɗaga eriyarsa sama. Kafin a kunna, a binciki ƙa'idar hukumar NCA game da zangon rediyo.

Kirana ga yaranmu masu gyaran waya: mai iya liƙa dalma ya yi rabin aikin. Iyaye kuma, in yaro ya nemi kuɗin allo biyu don gwaji, kada a ce wasa ne. Ilimi yake nema.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.