Mai Koyon Harshen Koriya, Rabu da Haruffan Boko

Akwai shawarar da ake yawan bai wa masu sha'awar harshen Koriya, musamman matasan da fina-finan ƙasar suka ja hankalinsu: wai su fara rubuta kalmomi da haruffan boko, Hangul kuwa, wato rubutun Koriya, sai an yi nisa. Ana kiran wannan sauƙaƙawa, amma a gaskiya cutar ɗalibi ake yi.

Hangul ba rubutun Sin ba ne mai dubban alamomi. Haruffa 24 ne kacal, baƙaƙe 14 da wasula 10. Sarki Sejong ya ƙirƙiro shi a 1443, aka fitar da shi ga jama'a a 1446, don talakan da rubutun Sin ya gagara ya iya rubuta abin da ke ransa. Siffar baƙaƙen ma daga baki aka ɗauko ta: ㄴ harshe ne ya taɓa dasashi, ㅁ kuma siffar baki ce. Rubutun da aka tsara wa manomi, yaya za a ce ya fi ƙarfin ɗan makaranta?

Kuma wane bokon ake nufi? Tsarin McCune-Reischauer na 1939 ya daɗe yana tashe, sai a 2000 gwamnatin Koriya ta Kudu ta kawo sabo. Pusan ta koma Busan, Cheju ta koma Jeju, alhali a Hangul ko ɗigo bai canja ba. Sunan dangi 이 kuwa wani ya rubuta Lee, wani Yi, wani Rhee. Wanne ɗalibi zai kama?

Babbar ɓarnar tana a furuci. Duk wanda ya ga haruffan boko, da muryar harshensa zai karanta su. Bahaushe ya ga “eo”, sai ya ce e sannan o, alhali wasali ɗaya ne. Seoul gaɓa biyu ce. Dubi bul, pul da ppul: wuta, ciyawa da ƙaho. Bambancinsu ba irin na b da p da muka sani ba ne, yana cikin yawan iskar da ke fita da kuma matsewar maƙogwaro. Mu da muka san yadda rashin lanƙwasa ke mayar da baƙi ya zama baki, bai kamata a yi mana dogon bayani ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Bakin da ya saba da kuskure a watan farko, gyaransa sai an sha wuya.

Boko yana da muhallinsa: fasfo, allon hanya, taswirar ɗan yawon buɗe ido. Amma jarrabawar TOPIK da jami'o'in Koriya ke nema da Hangul ake rubuta ta, haka jaridu da littattafai. Malamai su ware makon farko ga haruffan nan 24 da sauraron masu harshen, su kuma goge bokon daga allo tun ranar farko.