Tambayar Maƙeran Muritaniya Da Ba A Amsa Ba



A watan Disamba na 2013 wani matashi ɗan ƙasar Muritaniya, Mohamed Cheikh Ould Mkhaitir, ya wallafa rubutu a intanet kan ƙasƙancin da ake yi wa maƙera, zuriyar da shi ma ya fito daga cikinta. A can ana yi musu kallon 'yan ƙasa-ƙasa, wasu kuma suna fakewa da addini wajen kare wannan al'ada. Da ya zo kafa hujja sai ya shiga tarihin Manzon Allah (SAW), ya yi tambayoyi da salon da jama'a suka ɗauka ɓatanci ne. An kama shi a Janairun 2014, a Disambar shekarar kotu ta yanke masa hukuncin kisa. Ya fito ya bayyana tubarsa. A 2017 kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da hukuncin zuwa shekara biyu, wadda ya riga ya yi, amma aka ci gaba da tsare shi har Yulin 2019, mutane na ta zanga-zangar a kashe shi.

A ganina ya yi ganganci. Wanda ke son yaƙar wariyar asali a cikin Musulmi yana da hujja a hannu, domin addinin da kansa ya auna fifiko da tsoron Allah. Da can ya kama, da malamai sun zama shaidunsa. Magana zarar bunu ce, ita ta ba masu cin moriyar wariyar mafaka.

Amma gangancinsa bai wanke abin da aka yi masa ba. Mutum ya tuba, kotu ta sallame shi, sannan a ƙi sakinsa don tsoron taron jama'a, wannan zalunci ne. Tambayar maƙeran kuwa ta ɓace a cikin hayaniya.

Mu ma nan muna da irinta. Ana hana ɗan mahauci ko ɗan maroƙi aure saboda sana'ar gidansu, kuma marubuci ne ya kamata ya taɓo wannan. In za ka rubuta, ka rarrabe al'ada da addini, ka kai rubutun wajen malamin da ka yarda da shi kafin ka sake shi. In kuma rubutun wani ne ya ɓata maka rai, ka karanta shi duka, ka amsa masa da alƙalami, ka bar wa kotu hukunci.

Allah ya tsare mana harsunanmu da alƙalumanmu.