Kun Raba Keken Ɗinki, Wa Ya Koma Ya Duba?

Da ku nake, masu riƙe da kuɗin tallafa wa masu sana'a: kwamishinoni, shugabannin hukumomi, da 'yan majalisar da ke shirya bikin rabon kaya a mazaɓunsu. Shekara da shekaru kuna tara mata da matasa a fili, a kafa rumfa, a jera kekunan ɗinki da injinan markaɗe da babura, maroƙa su yi kirari, a ɗauki hoto, a watse. Bayan wata shida, wa kuka taɓa turawa ya bi gida-gida ya ga ko keken nan yana juyawa? Kun fi kowa sanin cewa tun a bakin ƙofar filin dillalai ke tare wasu, su saye kayan da araha. Matar da aka danƙa wa injin markaɗe a layin da ke da injina uku, ga tsadar mai, ga babu jarin juyawa, in ta sayar ba ta yi laifi ba. Mai laifi shi ne wanda bai tambaye ta abin da take bukata ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ba za ku ce babu inda za a koya ba. A ƙasar nan aka yi ɗaya daga cikin fitattun bincike a kan tallafa wa 'yan kasuwa, kuma da kuɗinmu aka yi shirin. A 2011 gwamnatin Goodluck Jonathan ta ƙaddamar da gasar tsarin kasuwanci ta YouWiN, lokacin Ngozi Okonjo-Iweala tana ministar kuɗi. Kusan mutum 24,000 suka nema a zagayen farko, 1,200 suka samu, kowa kimanin dala 50,000 in aka daidaita, kyauta ba bashi ba, ana biya kashi-kashi gwargwadon yadda mutum ya cika sharaɗi. Sama da 700 daga cikinsu ƙuri'a aka jefa musu tsakanin waɗanda suka kai matakin kusa da ƙarshe. Wannan ƙuri'ar ta ba David McKenzie na Bankin Duniya damar bin waɗanda suka samu da takwarorinsu da ba su samu ba har tsawon shekaru, ya kwatanta.

Ga abin da ya gano bayan shekara uku. A cikin masu sabuwar sana'a, in ka jera mutum 100 da suka samu da 100 da ba su samu ba, waɗanda ke tafiyar da kasuwanci a rukunin farko sun fi na biyu da mutum 37, masu ma'aikata goma zuwa sama kuma sun fi da 23. Ke nan jari mai kauri, a hannun wanda ya riga ya nuna da gaske yake, yana haifar da aiki. Sai kuma darasi na biyu da ya kamata ya ƙasƙantar da kan duk wani kwamitin tantancewa: makin da alƙalai suka ba takardun tsarin kasuwanci bai nuna wanda zai ci gaba ba sai ɗan abin da ba a rasa ba. In ƙwararru da suka zauna suka karanta takardu sun kasa hango gwani, ina ga sunayen da shugaban jam'iyya na mazaɓa ya rubuto a bayan ambulan?

Horaswa kuwa, wadda kuka mayar da ita maganin kowace cuta, an gwada ta ita ma. A Lome ta ƙasar Togo an raba masu ƙananan sana'o'i kimanin 1,500 gida uku. Waɗanda aka koya wa zaƙulo sabuwar dabara da jure cikas ribarsu ta ƙaru da kusan kashi 30 cikin ɗari. Waɗanda aka yi wa darasin da aka saba, na lissafi da talla, ƙarin da suka samu bai kai a kafa hujja da shi ba. An buga wannan tun 2017. Amma har gobe ana kama ɗakin taro a otal, a yi kwana uku ana haska allo da Turanci ga mutanen da ke ciniki da Hausa, a ba su kuɗin mota da takardar shaida, a rubuta a rahoto cewa an horas da matasa dubu kaza. Ƙirga kawunan da suka zauna a kujera ba shi ne sakamako ba.

Ban ce YouWiN ta amsa komai ba. Ta intanet aka nema, da Turanci, galibin masu nema 'yan boko ne. Mai ƙosai da mai shayi da mai faci ba su shiga lissafin ba. Su ne ma suka fi bukatar a yi bincike a kansu. A 2018 an raba wa ƙananan 'yan kasuwa bashin naira 10,000 ƙarƙashin TraderMoni. To, a fito mana da lissafi: nawa suka biya, nawa jarinsu ya ƙaru, nawa kuɗin ya tafi a cefane ko asibiti? Ba a maimaita shiri irin wannan alhali ba a amsa waɗannan tambayoyi a bainar jama'a ba.

Ku ma malaman jami'a kuna da naku kason. Ana rubuta kundin digiri a kan ƙananan masana'antu ba adadi, ƙura tana cin su a kan kanta. Yawancinsu takardar tambayoyi ce: “Hajiya, tallafin ya amfane ki?” Wace ce za ta ce a'a, tana sa ran zagaye na gaba? Ku je ku zauna a shagon, ku duba littafin bashi, ku ƙirga yaran da ke aiki, ku dawo baɗi ku sake ƙirgawa.

Kafin ku sake sa hannu a kan wani rabo, ku ware kuɗin bibiya a cikin kasafin shirin kansa. Ku ajiye sunaye da adireshin waɗanda suka samu da waɗanda suka cancanta ba su samu ba. Ku ba masu bincike da ba sa cin albashi a ƙarƙashinku su bi su shekara biyu ko uku, a karanta sakamakon a rediyo da Hausa, ko da ya nuna kuɗin sun salwanta. Majalisa kuma kada ta amince da ko sisi na zagaye na biyu sai ta ga rahoton na farko a gabanta.