KAMA DA WANE BA WANE BA NE

Kowace damina, da an gama dashen shinkafa, sai a ga waɗansu 'yan ƙudaje suna shawagi a kan ruwan fadama. Manomi da yawa da sun gan su sai su ruga kasuwa su sayo maganin feshi, ba su tsaya sun duba ko wane iri ne ba. Wannan kuskure ne babba, gama ƙudajen fadama ba ɗaya ba ne, ɓarnarsu ma ba ɗaya ba ce.

Na farko shi ne ƙudan bakin ruwa, wanda masana ke kiran danginsa Ephydridae. Ƙarami ne ƙwarai, tsawonsa milimita 2 zuwa 3, wato bai kai ƙwayar dawa ba. Launinsa toka-toka ne ko baƙi, jikinsa a dunƙule kamar na ƙudan gida, ƙafafunsa gajeru, 'yan ƙahonin kansa kuma gajeru. In an ga ɗigo biyar farare a kan kowane fiffike, to, wannan mai cin gansakuka ne, ba ruwansa da shinkafa. Mai fiffike garau, wanda ake kira Hydrellia, shi ne tsutsarsa ke gaigayar ganye tun yana naɗe, in ya buɗe sai a ga fari-fari a gefensa. Ɓarnar tasa a makonnin farko bayan dashe take, kuma galibi shuka takan murmure. Ruwa kwance yake so, saboda haka janye ruwan gona na 'yan kwanaki yakan rage shi.

Na biyu, Diopsis, ba ya ɓuya. Idanunsa suna can bisa waɗansu dogayen tsinkaye biyu kamar ƙaho, ƙirjinsa baƙi, cikinsa ja-ja. Tsutsarsa takan shiga kara ta kashe zuciyar shuka, ganyen tsakiya ya bushe, in an ja shi ya zare.

Na uku ya fi su mugunta. Kama yake da sauro, ga dogayen ƙafafu, da dare kuma yake fita, har yakan zo wurin fitila. Inda tsutsarsa ta zauna, shinkafa sai ta fid da ganye mai rami kamar na albasa, wannan reshe kuwa ba zai yi zangarniya ba. Shi ne ya yi wa manoman Abakaliki mummunar ɓarna a 1988. Abin da ke rage shi shi ne shuka da wuri, maƙwabta su yi dashe lokaci ɗaya, a kuma kawad da gyauro da shinkafar daji inda yake fakewa da rani.

To, wanda ya ga na farko ya zaci na uku ne, ya zubad da kuɗinsa a banza. Banda wannan, dafin yakan kashe gizo-gizo da waɗansu ƙananan ƙwari dangin zanzaro masu hallaka tsutsar, ya kuma gurɓata ruwan da kifi ke ciki, wanda dabbobi ke sha. Tsutsar da ta riga ta shige kara kuwa, feshin bisa ganye da wuya ya kai gare ta.

Abin da ya kamata shi ne manomi ya kama ƙudan da sassafe, ya sa shi cikin 'yar kwalba da sifirit kaɗan, ya haɗa da shukar da ta lalace, ya kai wa malamin gona. Ya faɗi ranar da ya kama shi da ranar dashe. Malamin gona kuma ya kyautu ya riƙa yawo da madubin ƙara girman abu, abin da ya gagare shi ya aika Badeggi, wurin masu binciken shinkafa. Mai magani ba ya ba da saiwa sai ya san ciwo. Allah ya ba da damina mai albarka, amin.